Yadda Aka Goge Usaini Bobbo

Ni Ikhlas, ni na shigar da sunan Usaini Bobbo a kwamfuta da hannuna, don haka kada wani ya ce min babu mutumin nan a duniya.

Bayan ruwan Agusta ya yaga kwarin Bagadaza a Gombe ya cinye gidaje, wata ƙungiya ta ɗauke mu aikin rajistar magidantan da za a ba filaye. Nawa bugawa ne kawai. Kowa ya zo sai in zuba shi cikin fayil ɗin kwamfuta da ake kira XML: suna, sunan uba, ranar haihuwa, lambar waya. Usaini tela ne mai 'ya'ya biyar, ruwan ya tafi da ɗakunansa da kekensa har da wayarsa. Shi kuwa gurbin waya ba ya yarda a bar shi fayau. Sai na ce ya ba ni lambar wani nasa. Ya ba ni ta Hassan, abokin tagwaicinsa, wanda shi ma na yi masa rajista da safe. Har godiya ya yi min.

Mai fitar da jerin sunayen shi ne Suhaib, ɗan GRA, unguwar masu hali, mai magana kamar ana roƙonsa. Shi ya rubuta XSLT ɗin, wato umarnin da ke karanta fayil ɗinmu ya mai da shi jerin da za a manna a bango. Ya ce mutanenmu mayaudara ne, mutum ɗaya zai yi rajista sau biyu da suna daban, saboda haka bai yarda da sunan yanka ba. Duk waɗanda sunan ubansu da ranar haihuwarsu da lambar wayarsu suka zo ɗaya, sai ya tara su rukuni guda, ya jera su bisa haruffa, ya ɗauki na sama, ya watsar da saura. Hassan ya hau sama. Usaini ya faɗi. Mutum an haife shi a Gombe, ya girma a Gombe, amma ya manta Allah yana halittar tagwaye!

Kwana uku Usaini yana zuwa yana bin bangon nan da yatsa, daga sama har ƙasa. A rana ta uku na kasa haƙuri, na je na sami Suhaib na ce ya ƙara sunan yanka cikin abin da yake haɗa rukunin da shi. Aikin minti ɗaya ne. Ya yi tsaki, amma ya gwada a gabana. Nan take mutum goma sha ɗaya suka dawo cikin jerin, akwai Usainai, akwai Usaina guda biyu, zawarawa. Ya kalle su, ya kalli ƙofar ofishin Hajiya Bashira, shugabarmu, ya mayar da umarnin yadda yake. Ashe guraben nan goma sha ɗaya tuni Hajiya ta cike su da mutanen da ko yayyafi bai taɓa gidajensu ba. Wallahi ranar ji na yi kamar in kife masa kwamfutar a ka. Ban yi ba. Ni ma ina da bakin ciyarwa.

Hajiya ta sa aka kira Hassan da Usaini. Suka tsaya gabanta, fuska ɗaya, tsawo ɗaya, makaho ma ya shafa zai san biyu ne. Ta ce ita ba ta musu, amma doka ce: rukunin da aka yi gardama a kansa, ana dakatar da shi gaba ɗaya sai an gama bincike, binciken kuma ba shi da rana. Sai dai idan ɗaya ya dangwala cewa rajistarsa maimaici ce, to, na saman ya tsira da filinsa. Hassan 'ya'yansa bakwai, kuma tsohuwarsu Kande tana hannunsa. Ya sunkuyar da kai yana kallon silifas ɗinsa. Usaini ya daɗe yana jiran ya ɗago. Bai ɗago ba.

"Hajiya," in ji Usaini, "idan na dangwala, ni kuma wane ne?"

"Malam, wannan ba aikin ofishin nan ba ne."

Tawadar dangwale a aljihun teburina take, ni aka ce in miƙo. Ya danna babban yatsansa a takardar da ta ce shi da Hassan mutum ɗaya ne, ya goge a gefen rigarsa. Bai gama gogewa ba wayar Hassan ta yi ƙara, saƙon taya murnar samun fili ne ya shigo. Suhaib har da cewa ka ga, na'ura ba ta ɓata lokaci.

Hassan ya zauna jiran takardarsa. Usaini ya nufi ƙofa shi kaɗai, sai ya tsaya a gaban teburina. Na ɗauka zagina zai yi, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

"Malama," ya ce a hankali, "da kin bar gurbin nan fayau."