Adashin Farfesa Sirajuddeen

Karo na biyu ke nan da kwamitin ƙarin girma ya dawo wa Dakta Lauratu da fayil ɗinta, kuma wannan karon ma ba a wahalar da biro ba. Layi ɗaya aka rubuta a bangon fayil ɗin: ana buƙatar ambato hamsin, tana da shida.

Ambato, ga wanda Allah ya tsare daga aikin jami'a, shi ne wani mai bincike ya rubuta maƙala, ya sa sunan taka a jerin manazartarsa. Akwai manhaja a intanet da ke ƙirga wannan. Ba ta karatu, lamba kawai take fitarwa, lambar kuwa ita kwamiti ke dubawa. In fayil ya dawo sau uku a jere, sai mutum ya jira shekara uku kafin ya sake nema. Watan Satumba ne karo na uku.

Fannin Lauratu shi ne yadda mutane ke mu'amala da na'ura. Wata goma sha huɗu ta yi tana shiga mota daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, daga nan ta hau babur zuwa Birchi, tana zama da wasu mata biyar masu matsar man gyaɗa. Waya ɗaya ce tsakaninsu, kuma ba wadda ta iya karanta ko sunanta. Amma kowace da sautinta, wayar na yin ƙara an san wadda ake kira. Ƙara ɗaya a katse, man mai saye ya ƙare, yana son wani. Biyu, a turo mai babur. Maƙala huɗu ta fitar daga wannan zaman, a mujallun da sai an gasa wa mutum aya a hannu kafin su karɓa. Mutum shida suka ambace ta a duniya, ɗaya ma daga ƙasar da sai da ta nema a taswira.

Shugaban sashenta, Farfesa Sirajuddeen, yana da ambato ɗari tara da ɗoriya. Shi ya aika a kira ta.

"Dakta, zauna mana. Kin tsaya mini a kai kamar 'yar sanda."

"Ranka ya daɗe, a tsayen ma ina ji."

"Zuciya, Dakta, zuciya. Ita ta bar ki a shida." Ya jawo aljihun tebur ya fito da takarda. "Mu goma sha ɗaya ne, daga sassa daban-daban. Duk wata uku mujallar tsangaya tana fitowa, kowannenmu yana da maƙala a ciki. To, kowace fitowa mutum ɗaya ke ɗauka. Sauran duk su ambaci ayyukansa, ko a kan me suke rubutu."

"Adashi ke nan."

"Mu taimakon juna muke ce masa."

"Kai ne uwar adashin?"

Ya yi dariya har da buga tebur, wai Dakta akwai barkwanci. Ɗaukar watan Yuli ta Malam Hudu ce, na sashen kiwon dabbobi, amma ya yarda ya ɗaga mata, shi ya ɗauka a gaba. Mutum goma sha ɗaya, maƙala huɗu, arba'in da huɗu ke nan. A haɗa da shidanta, hamsin cif.

"Sai dai akwai zubin shiga," in ji shi, yana tura mata takardar. "Ki kawo maƙala a fitowar nan, ki ambaci nawa. Goma sha uku ne kacal."

Ta ɗauki takardar da yatsa biyu, ta fita ba ta ja masa ƙofa ba.

Abin da ba a taɓa yi wa Farfesa ba shi ta yi masa: ta zauna ta karanta maƙalun nan duka. Kwana huɗu ta yi tana karatu tana tsaki, har abokiyar ofis ɗinta ta kwashe takardunta ta koma laburare. Goma sha biyu daga ciki magana ɗaya ce aka sauya wa riga. Matan karkara, in ji Farfesa, ba sa iya amfani da wayar hannu saboda jahilci, don haka ya kamata gwamnati ta shirya taron bita.

Ranar Asabar ta tafi Birchi. Ta tarar da Gwaggo Azumi, babbar cikin matan, tana murza tunkuza a kan dutse, wayar na rataye a wuyanta cikin wata jakar saƙa. Bayan gaisuwa Lauratu ta fassara mata jimlar Farfesa, kalma bayan kalma.

Gwaggo ba ta ɗaga kai ba. "Shi wannan malamin, ya taɓa zuwa Birchi?"

"Bai taɓa wuce tashar Kurfi ba, Gwaggo."

"To ina ya gan mu?"

"A cikin littafin wani Bature."

"Shi Baturen ya zo?"

"Shi ma bai zo ba."

"Ikon Allah. Ashe ana zaginmu daga nesa ba mu sani ba." Wayar ta yi ƙara ɗaya ta katse. Gwaggo ta ɗaga murya: "Hussaina! Naki ne, mutumin Kuki, ki ɗaure masa jarka!" Sannan ta dubi Lauratu. "Ke kuma ɗiyar nan, wata nawa kina shan furarmu kina rubutu? Ba ki gaya musu ba?"

"Na gaya musu. Ba su karanta ba."

"To ki gaya masa a fuska mana. Ko tsoronsa kike?"

A bayan babur, a hanyar komawa Kurfi, maganar nan ta yi ta cin ta. Tsoronsa take, wannan gaskiya ne. Shi ne babban editan mujallar, duk maƙala sai ta bi ta teburinsa. In ta ɓata masa rai, babu ɗauka, babu hamsin, sai zaman shekara uku tana gaida waɗanda ta koyar suna wuce ta.

Duk da haka ta rubuta. Ta ware shafi biyu cur, ta jero maƙalun Farfesa ɗaya bayan ɗaya, kowace da cikakken suna da shekara, ba ta tauye masa ko waƙafi ba. A ƙarƙashin kowace ta faɗi abin da ke ciki. Wannan ba a yi hira da mace ko ɗaya ba. Wannan alƙalumanta na waccan ne, an canja sunan ƙauye. Wannan ta ce an tambayi mutum ɗari biyu a garin da gidajensa ba su kai arba'in ba. Ta rufe da cewa marubucin bai taɓa ganin abin da yake rubutu a kai ba. Ta goma sha ukun ce kaɗai ta bari, domin ba ta sami kuskure a cikinta ba: jawabin godiya ne da ya yi a wajen wani taro.

Ranar Litinin ta ajiye masa a kan tebur, ta tsaya. Ta riga ta shirya abin da za ta faɗa in ya fara ihu, kuma, Allah ya sani, so take ya fara.

Farfesa ya gyara tabarau. Ya ɗaga maƙalar, ya auna kaurinta a tafin hannu, ya juya ta kai tsaye zuwa shafin ƙarshe, inda jerin manazarta yake. Ya sa yatsa yana gangarawa, leɓensa na motsi. Sai ya ɗaure fuska.

"Dakta, me ke nan?"

Ta gyara tsayuwa. "Abin da ka gani, ranka ya daɗe."

"Goma sha biyu na gani. Goma sha uku muka yi da ke."

Ta dube shi, ta dubi takardar. "Ka duba shafi na huɗu da na biyar."

"Na yarda da aikinki, Dakta, wa zai duba ki? Ki dai ƙara ɗayar."

"Sunanka ne a wurin, Farfesa. Layi-layi."

"Madalla, Allah ya yi albarka. Ni dama na sha faɗa musu, yarinyar nan tana da ladabi, zafin kai ne kawai."

Ta ƙara ɗayar. An buga maƙalar a watan Yuli ba a taɓa ko harafi ba. Ta yi mako uku tana jiran wani daga cikin goma sha ɗayan ya tare ta a baranda, ko ya kira ta gefe, ko ya daina amsa gaisuwarta. Ba wanda ya yi ko ɗaya. Manhaja ta ƙara wa Farfesa goma sha uku, ita kuma lambarta ta yi ta hawa har ta tsaya a hamsin.

Ta buɗe manhajar ta ga masu ambatonta. Malam Hudu ya rubuta cewa kajin gidan gona suna buƙatar ruwa mai tsafta, ya kafa hujja da maƙalarta ta matan Birchi. Wani ya jingina ta da ƙarfin bulon siminti. Wani da koyar da nahawun Larabci.

Takardar ƙarin girma ta fito a ƙarshen Satumba. Farfesa da kansa ya kawo mata ofis, yana fara'a.

"Babbar Malama! Ina taya ki murna. To, sai zubi. Wannan fitowar ta Malam Hudu ce, kin san shi ya ɗaga miki. Tara ne nasa, duk a kan kaji. Ki sama musu wuri a cikin na matanki."

Ya ajiye mata jerin maƙalun Malam Hudu, ya fita. Ta daɗe tana kallon takardun biyu a kan tebur, ta ƙarin girma da ta kaji. Sannan ta ɗauki waya ta kira Birchi, ta bar ta tana ƙara har aka ɗauka.

"Ɗiyar nan, ya aka ƙare? Kin gaya masa?"

"Na gaya masa, Gwaggo."

"Me ya ce?"

"Ya sa mini albarka." Ta jawo takardar Malam Hudu gabanta, ta cire murfin biro da haƙori. "Gwaggo, a cikinku akwai mai kiwon kaji?"