Wayar Da Za A Ji Daga Cikin Rijiya

Mai shagon ya jera wayoyi uku a kan gilashi yana ta zuba bayani, shi kuwa Gajere ko rabin maganar ba ta shiga kunnensa. Wannan batirinta yana daɗewa, waccan ba ta tsoron ruwa, ƙaramar kuma saƙo kawai take aikawa. Dukansu da tauraron ɗan'adam suke aiki, ba ruwansu da sabis.

"Malam, wacce ta fi ƙara?" in ji Gajere.

"Ƙarar me?"

"In an kira. Wacce za a ji daga nesa?"

Mai shago ya yi dariya, ya ce shi tun da ya buɗe shagon nan ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba. Gajere bai taya shi dariyar ba. Sana'arsa haƙar rijiya, kuma aikin da ya samu yana can wani ƙauye a bayan duwatsu, inda ko bishiya ka hau waya ba ta kamawa. Matarsa ga tsohon ciki, likita ya ce mai yiwuwa sai an yi mata aiki. Wancan cikin ma yana bakin aiki ta haihu, ko da ya dawo har an binne jaririn. Ƙin tafiya kuwa ba zai yiwu ba, don ba abin da za a ci a gidan.

Aka yi ta kiran wayoyin ɗaya bayan ɗaya a ƙofar shago, Gajere na tsallaken titi a bayan wata tifa yana kasa kunne, masu wucewa na kallonsa. Ya zaɓi wata baƙa mai ƙatuwar eriya, mummuna da ita kamar bulo.

"Amma ka riƙe wannan," in ji mai shago. "Sai tana ganin sama take aiki. A ɗaki ma ba ta yi."

"Ai a sama za ta zauna, wurin Kawu."

Kawunsa shi ne mai riƙe masa igiya tun ranar da ya fara shiga rami. Tsohon yana da doka guda wadda ya gada wurin nasa maigidan: ba a faɗa wa wanda ke cikin rijiya mummunan labari. In na daɗi ne, a leƙa a kwaɗa masa. In na baƙin ciki ne, a ce masa ya fito ya sha ruwa, sai ƙafarsa ta taka ƙasa sannan a yi magana. Kawu ya taɓa ganin mutumin da hannunsa ya saki igiya a tsakiyar hanya, kuma bai son ba da labarin.

Saboda haka Gajere bai sayi wayar don ya yi hira ba. So yake ya ji kukanta da kunnensa, kada Kawu ya yi ta ɓoye masa har yamma.

Ranar da ta yi kukan, rana na tsaka, yana can ƙasa cikin laka har gwiwa, sama ta zama kamar bakin kwano. Ya ji ta sarai. Ya saki diga ya tsaya, yana jiran ɗayan biyu. Kan Kawu ya bayyana a bakin rijiyar, amma bai yi albishir ba, bai kuma ce a fito a sha ruwa ba.

"Matarka ce da kanta!" in ji Kawu. "Za a shiga da ita tiyata yanzu. Wai muryarka take son ji."

Wannan kam dokar ba ta san da shi ba. Kawu ya rikice, ya buɗe lasifikar wayar, ya saka ta a bokitin kwasar ƙasa, ya fara zurarowa.

"Kawu, a'a! Kada ka sauko da ita!"

Ina, tsohon bai ji ba. Gajere yana jin muryar matarsa tana saukowa, siririya, tana cewa, "Kana ji na? Wai kana ji na?" Ya buɗe baki da iya ƙarfinsa yana amsawa, muryar na ƙara kusantowa, sai ta fara tsinkewa. Kafin bokitin ya iso hannunsa ta ɗauke ɗif.

Ya danna duk abin da zai dannu, ya ɗaga ta sama har kafaɗarsa ta yi ƙara. Babu komai. Ya zagi wayar, ya zagi rijiyar, sannan ya fashe da kuka, ƙato da shi.

"Ja ni, Kawu! Don Allah ja ni!"

"Ɗaura tukuna. Ɗaura in gani."

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya cusa wayar a riga. Kawu da mutanen ƙauyen suka shiga ja a hankali, yadda ake ja kullum, duk ihun da yake yi ba wanda ya ƙara sauri. Kansa na fitowa wayar ta kama ruri a ƙirjinsa.

"Kul ka taɓa ta," in ji Kawu. "Taka ƙasa."

Ya taka. Yayarsa ce, wadda ke jinyar matarsa a asibiti.

"Yaya, ba ni ita!"

"An riga an shiga da ita, Gajere. Ta riƙe wayar har ƙofa, sai da suka karɓe."

"Me ta ce? Ta ce wani abu?"

Yayar ta ja hanci. "Ta ce duk abin da ya faru, in fara tambayar Kawu ko ka fito."

Gajere ya zauna a kan tarin ƙasar da ya haƙo, igiyar na nan a ƙugunsa. Ya miƙe eriyar, ya riƙe wayar da hannu biyu tana kallon sama. Kawu ya kawo masa ruwa a moɗa, ya girgiza kai.

"Ajiye, Kawu. Ba yanzu ba."