Tiren Shinkafa a Shagon Malam Inuwa

Malam Inuwa, mai walda a Rafin Guza, ya karɓi Rilwanu ne don Hajiya Zuwaira, jami'ar jin daɗin jama'a, ta roƙe shi. Yaron ya cika sha takwas, gidan marayu na gwamnati ya sallame shi, ba shi da wurin zuwa. A bayan shago yake kwana.

Aiki kam yana yi. Abu ɗaya ne ya tsaya wa Inuwa a rai. Da azahar in aka kawo tiren shinkafa da wake daga gida, aka ce bismillah, yaran shago suka yi caa a kai, sai Rilwanu ya koma gindin janareta ya zauna.

"Alhaji ba ya cin na talakawa," in ji Auwal, babban yaron shago. "Sai da cokali mai yatsu!"

Ran nan Inuwa ya fashe a gaban kowa. "Kai, ka fi ƙarfin abincin gidana ne? Wanda bai san uwa ba ina zai san ladabi? Gobe ka kwashe kayanka."

Da yamma ya hau babur ya tafi Malali ya gaya wa Hajiya ta zo ta ɗauki yaronta.

Ta dube shi. "Kun taɓa kiran sunansa kun miƙa masa?"

"Wane irin kira? Ga abinci a fili!"

"A gidan marayu kowa da kwanonsa, Malam. Sai an kira sunanka. Wanda ya sa hannu a abin da ba a ba shi ba, ɓarawo ake ce masa. Tun yana rarrafe haka ya sani."

Inuwa ya tuna yadda wandon yaron ya soma zamewa daga ƙugu, da yawan zuwansa bakin randa. Ya cire hula, ya mayar. Ya tashi ya hau babur ya koma.

Washegari ya tarar da Rilwanu zaune a ƙofar shago, kayansa ƙulle a leda. Ya wuce shi, ya kasa haɗa ido da shi.

Da tire ya iso, Auwal ya miƙa hannu, Inuwa ya buge hannun.

"Rilwanu," ya ce, kansa a ƙasa. "Nan gefen naka ne. Ajiye ledar nan ka wanko hannu."