Dariya a Kan Gadar Wudil

Ranar da muka ɗauko gawar aminiyata Hansai daga asibiti a Kano, na yi dariya a cikin mota. Ba murmushi ba, dariya mai sauti. Daidai lokacin da bas ɗin ta hau gadar Wudil dariyar ta ƙwace mini. Na toshe baki da mayafi, amma ta riga ta fita. Halliru ƙanen Hansai da ke zaune kusa da direba ya waiwayo. Safiyya, 'yarta guda ɗaya tilo, tana riƙe da ƙafar uwarta ta cikin zane. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da kanta.

Tun daga ranar ba ta ƙara ce mini Inna ba. Yarinyar da na goya a bayana, wadda ni na tsaya mata a wankan jegonta na fari. A zaman makoki in na shigo sai ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya," ta shimfiɗa mini tabarma kamar wata baƙuwa. Hajiya. Ni.

Na bari aka yi sadakar arba'in. Washegari da hantsi na dafa shinkafa da naman rago, na zuba a babban faranti, na rufe, na ɗauka da kaina har gidanta da ke bayan kasuwar shanu. Muka gaisa, ta tambayi gida da yara da gajiya, duk ba ta kalli fuskata ba.

"Hajiya, da kin aiko ai ba sai kin wahala ba."

"Ba wahala na zo yi ba. Zuwa na yi ki ji abin da ya ba ni dariya. In kin ji, ki kore ni."

Ba ta ce in zauna ba, ba ta ce in tafi ba. Ta ci gaba da ninke kayan yara. Na zauna a kan turmi na faɗa mata wannan.

Safiyya tana shekara bakwai muka bar ta wurin kakarta muka tafi Jidda neman aiki, ni da Hansai, jirgi ɗaya. Muka kama ɗaki a saman wani tsohon bene tare da Rahmatu, 'yar garin Indabo, wadda ta riga mu zuwa da shekara guda. Rahmatu kitso take yi wa matan Hausawa. Ni ina wanki da guga. Hansai ta samu aiki a gidan wata Balarabiya da muke ce wa Madam, mace mai kirki amma mai tsananin hanci.

Akwai wata gada a garin da duk Bahaushen da ke can ya san labarinta ko bai taɓa ganinta ba. Wanda ba shi da takardar zama, in ya gaji ko aka gaji da shi, ƙarƙashinta yake zuwa ya zauna har 'yan sanda su kwashe shi a mayar da shi gida. Mu kuwa da takardar Umara muka shiga, ta daɗe da ƙarewa. Saboda haka in ka ce wa ɗayanmu "gada", kamar ka ce mata ga 'yan sanda nan.

Watanmu uku, kwaɗayin miyar kuka ya kama Hansai. Madam ta fita unguwa, ita kuma ta ɗora tukunya a kicin ɗin mutane, ta jefa daddawa har ƙulli biyu. Gida a rufe ruf, sanyin na'ura na zagayawa ɗaki ɗaki, ya ɗauki ƙamshin ya raba ko'ina. Madam ta dawo ta ce ɓera ya mutu. Aka ja firji, aka ɗaga kujeru, aka leƙa bayan labule. Hansai ita ce kan gaba wajen neman ɓeran, har da tocila. Sai da Madam ta buɗe murfin tukunya. Ta yi faɗa kamar za ta tashi sama, ta nuna tukunya ta nuna ƙofa, "Barra, barra."

Bayan kwana biyu, ranar Alhamis, ta kira Hansai ta ce, "Hansa, bukura gada, barra."

Larabcin Hansai a lokacin bai wuce kalma goma ba, amma biyu daga cikin ukun nan ta san su. Bukura gobe. Barra waje, wannan tare da tukunya ta koye shi. Ta tsakiyar kuwa ba ta buƙatar tafinta.

Da la'asar ta hawo bene tana riƙe da takalmanta a hannu.

"Ikilima, tawa ta ƙare. Gobe za ta fitar da ni ta kai ni gada."

"A kan daddawa?"

"A kan daddawa. Me zan ce wa Safiyya? Na ce mata ba zan dawo ba sai na cika mata akwati."

A nan Safiyya ta daina ninke kaya. Rigar ɗanta na hannunta, ba ta ajiye ba.

Kafin magariba labari ya zaga matan Wudil da ke unguwar. Aka cika ɗaki ana jaje. Hansai ta raba kayanta kamar mai wasiyya. Ni ta ba ni bargo, ta ba Rahmatu fanka. Wata Sakina 'yar Dagumawa ta ce ita ta sani, ba a barin mutum ya shiga jirgi da komai sai abin da ke jikinsa. Ta faɗi haka, sannan ta miƙo ɗankwali uku a kai wa uwarta. Kowa ma sai ta tuna tana da saƙo.

Da safiyar Juma'a muka shirya ta. Zani bakwai, ɗaya kan ɗaya. Riga huɗu. Kwalaben turare muka ɗaure mata a ƙugu da igiya. Dabinon da wata ta ba da saƙo a cikin safa, safar a cikin riga. Sannan muka ja baƙar abaya a kai, ni ta dama, Rahmatu ta hagu. Hansai da aka sani siririya kamar sillen kara ta koma buhun gyaɗa. A kaikaice ta sauko daga bene.

Rahmatu ta ce, "Ku bar ni da Balarabiyar nan. Shekarata guda a garin nan, Larabci a bakina kamar ruwa. Zan roƙe ta."

Muka raka ta mu biyu. Muka tarar da Madam a ƙofar gida ana loda kuloli a bayan wata doguwar mota. Ta kalli Hansai sama da ƙasa, ta ce "Masha Allah," ta shafa cikinta tana tambaya da ido ko ciki ne ya fito dare ɗaya. Rahmatu ta durƙusa.

"Madam, Hansa miskina. Gada la."

Madam ta ɓata rai. "Miskina? Gada lazim."

Rahmatu ta juyo. "Ta ce dole ne."

Na ce, "Wannan ni ma na ji. Ƙara mata."

Rahmatu ta gyara murya, ta nuna kanta, ta nuna ni, ta nuna Hansai. "Ana, Ikilima, Hansa, sawa sawa. Gada la."

Fuskar Madam ta washe. "Sawa sawa? Yalla, kullukum gada." Ta buɗe mana ƙofar baya da hannunta.

"Me ta ce?"

Rahmatu ta ce, "Ta ce har da mu."

"Allah ya saka mini tsakanina da Larabcinki, Rahmatu."

Da na gudu. Amma mijin Madam na tsaye da waya a hannu, Hansai kuma ta damƙe mini tsintsiyar hannu, ita ko tafiya da ƙyar take yi balle gudu. Muka shiga. Ita ta cinye kujera biyu, mu muka matsu a ɗaya.

Abin da ba mu sani ba, Jidda gari ne mai gadoji. Da muka hango ta farko Hansai ta fara salati. Mota ta hau ta sauka ta wuce.

"Ba ita ba ce," in ji Rahmatu.

Ta biyu ma haka. A ta uku Rahmatu ta fara kuka tana cewa, "Fankata, ko kwana ɗaya ban sha iskarta ba."

Hansai na zufa kamar an kwara mata ruwa, ta ce, "Fankar wa?"

A ta huɗu muka yafi juna. Rahmatu ta ce tunda abin ya zo haka, ita ce ta cinye man shanun da Hansai ta zo da shi daga gida, ba narkewa ya yi ba. Hansai ta ce ta yafe duniya da lahira. Muka wuce gada ta biyar lafiya. Sai Hansai ta ce, "Na janye. Na tuna girman kwalbar."

Sai gine-gine suka ƙare, muka ga ruwa.

Hansai 'yar masunta ce, a bakin kogi ta tashi, kullum cewa take babu ruwan da ya kai kogin Wudil in ya kawo a watan Agusta. Ta manna fuska a gilashi.

"Ikilima, ina ɗaya gaɓar?"

"Ban gan ta ba."

"Ashe ta ruwa za su mayar da mu."

Mota ta tsaya. Babu 'yan sanda, sai yara na gudu a kan yashi, iyayensu a zaune a inuwa. Aka shimfiɗa darduma. Ƙanwar Madam ta juye kuloli a wani faranti da zai ɗauki mutum a kwance, shinkafa ja da rabin rago a kai. Mu muna tsaye a jere kamar masu jiran hukunci. Madam ta nuna faranti.

"Yalla. Gada."

Wallahi sai da na leƙa bayan farantin ina neman gada. Madam ta ga ba mu motsa ba, ta ɗebi shinkafa ta kai kusa da bakinta. "Gada. Gada."

Abincin rana. Haka suke ce masa. Matar nan faɗan da ta yi ne ya dame ta, ta ce bari ta fita da Hansai bakin teku ta wanke mata zuciya.

Rahmatu ta ce, "Ni dama tun a gida na so in faɗa muku."

Hansai ta zo zama, ƙugu ya ƙi lanƙwasuwa. Ta tafi da baya gaba ɗaya, ƙafa a sama kamar kunkuru, kwalabe na ƙara, dabino na gangarowa daga wuyan riga. Madam da ƙanwarta suka ja ta bayan mota suka fara kwancewa suna ƙirgawa da ƙarfi, wahid, itnin, har saba'a. Da muka yi mata bayani da hannu da ƙafa ta gane, ta yi dariya har kwallinta ya zubo a kumatu, sannan ta rungume Hansai. Ranar muka ci nama har muka kasa tashi. Hansai ta tattare zanin da ya rage mata ta shiga ruwa zuwa gwiwa, ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce girma kawai gare shi, namu ya fi daɗi.

Shekara tara ta yi a gidan. Har ta koya wa Madam shan miyar kuka, da sharaɗin barra za a dafa. Fanka kuwa Rahmatu ba ta mayar ba, ta ce kyauta a gaban shaidu aka yi mata.

A hanyar komawa ranar, Hansai ta sa muka rantse ba za a ji wannan magana a Wudil ba. Ta ce masunta ba sa manta abin dariya, har jikokinta sai an kira su jikokin mai zani bakwai. Ta ce, "Ranar da na mutu ku faɗa, lokacin ba na ji."

Bayan mun dawo gida, duk sanda mota ta hau da mu gadar Wudil, sai ta mintsine ni a cinya ta ce a kunnena, "Yalla, gada. Wanke hannu." Shekara goma sha biyu ba ta taɓa fashi ba, ko biki za mu ko ta'aziyya. Ranar da za mu kai ta asibiti, kanta na kan cinyata, Safiyya na waya da mijinta. Muka hau gada. Na ji yatsunta suna neman cinyata, babu ƙarfi. Ta ce, "Na gaji, Ikilima. In mun dawo, ke za ki faɗa."

Na ce wa Safiyya, "Da muka dawo, na faɗa. A hankali na faɗa, ba ki ji ba. Sai na gan ta an naɗe ta da zani, da bargo, da wani zanin a kai, bakina ya fara ƙirgawa da kansa, wahid, itnin. Shi ke nan abin da ya faru. Ban yi wa gawar uwarki dariya ba. Ni da ita muka yi."

Safiyya ta sunkuyar da kai. Ta sa rigar yaron a fuskarta, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka ne, kukan ne kuma, amma da wani abu a ciki. Ta daɗe a haka.

"Bakwai?" ta ce ta cikin rigar.

"Bakwai, ban da riguna."

"Shi ya sa in na sa daddawa take tashi ta buɗe taga tana dariya ita kaɗai."

"Shi ya sa."

Aka kira azahar a masallacin unguwa. Ta share fuska, ta jawo farantin ta buɗe. Shinkafar ta huce, man ya fara daskarewa a kan naman. Ta miƙe ta ɗauko buta da roba ta ajiye a gabana.

"Inna, wanke hannu."

Na wanke. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta yago nama ta tura gefena, ta ce, "Ita Rahmatun, har yanzu fankar na wurinta?"