Reshen Zuciyar Tahlia

Aikina aurar da itatuwan lemo a Mildura. Ka yanki reshe, ka raine shi, ka ɗaura inda ake bukata. Shi ya sa da likita Pham ta ce za su ɗebi jinin 'yata Tahlia, su mayar da shi ƙwayoyin asali, su raini naman zuciya a faranti, ban yi tambaya ba. Na ce na gane.

Shekarar Tahlia tara. Naman zuciyarta ya saki, ba ya tura jini sosai. Sunanta na cikin jerin masu jiran dashen zuciya.

Bayan wata biyar aka kira mu asibiti a Melbourne. Na haɗa mata kayan kwana goma. Na hana ta karin kumallo, don ba a shiga tiyata da abinci a ciki. Tuƙin awa shida, ruwa kawai take kurɓa.

Likita ta ga jakar, ta yi dariya. "Warrick, ƙaura kuka yi?"

Ta kunna mana allo. Wani abu fari-fari yana motsi, ya tsuke, ya saki.

"Baba, kamar majina mai shaƙuwa," in ji Tahlia.

"Zuciyarki ce, 'yar nema. Yi mata ladabi." Na juya wajen likita. "Yau za a mayar mata, ko sai gobe?"

Ta daina dariya. Ta jawo kujera ta zauna.

"Ba a mayarwa, Warrick. Magunguna muke gwadawa a kan ƙwayoyin, mu ga wanda zai ƙara musu ƙarfi. Na ɗauka na yi maka bayani."

"Kin yi."

"Wataƙila binciken ya amfani wasu yara nan da shekaru. Tahlia tana nan a jerin, kamar da."

Ban ji komai ba. Na lura dai igiyar takalminta ɗaya ta kwance. Ta miƙo takardar izinin ci gaba da ajiye ƙwayoyin, na sa hannu inda ta nuna.

"Ke nan zan iya cin abinci?" Tahlia ta tambaya.

Na saya mata soyayyen dankali a kantin da ke ƙasan asibitin. Ta ci huɗu ta gaji, ta kwantar da kai a teburi tana maida numfashi.

Uwarta Narelle ta kira sau uku. A na huɗu na ɗauka.

"An shiga da ita?"

"A'a."

"To yaushe?"

"Ki dafa da mu," na ce. "Mun kamo hanya."