Wadda Ba Ta Taka Jan Layi Ba

Zauren wasannin nan yanzu ɗakin ajiyar siminti ne, amma duk ranar da Guntuwa ta bi ta ƙofarsa sai warin man zafi da na robar katifa ya dawo mata kamar jiya.

Lokacin tana ajin ƙarshe a sakandare. Kawunta tela ne, da yamma yake ture kekunan ɗinki gefe ya koya wa 'yan matan unguwa karate. Dokarsa ɗaya ce: ba a taka jan layin katifa sai alƙali ya tsayar da wasa, wanda ya fita ya ba da kai. Masu shirya gasa kuwa sun daɗe suna gorin cewa mata gudu suke yi in an matsa musu, har suka ce in aka sake ganin haka bana, za su soke rukunin mata.

Wasan ƙarshe na gasar, a zauren nan, ya haɗa ta da 'Yar Direba, aminiyarta, wadda suke shan ruwa a gora ɗaya, suna ɗaure wa juna ɗamara. Kafin su hau katifa ma sai da ta tsokane ta, wai yau za ta ƙara mata gajarta.

Ana tsakiyar ba-ni-in-ba-ka 'Yar Direba ta durƙusa. Guntuwa ta zaci targaɗe ne. Sai rigar 'Yar Direba ta yage ta baya, kafaɗu suka kumbura, baƙin gashi ya rufe fuskar, farata suka nutse cikin roba. Kujeru suka kife. Alƙali ya riga kowa isa ƙofa, bai ce a tsaya ba.

"Ke, fito!" in ji Kawu.

"Kawu, ai ba a tsayar ba."

Mari ɗaya abin da ƙawarta ta zama ya kai mata, ya tsaga mata dantse. Ta faɗi dab da layi, ta miƙe, jini na ɗiga a farar rigarta. A nan ta lura yana zagaya ta ta hagu, yana sauke kafaɗa kafin ya kawo hari, irin kuskuren da Kawu ya gaji da hana 'Yar Direba. Shi ma kuma bai taka layin ba.

Ta haɗa ƙafafunta, ta sauke hannuwa, ta rusuna yadda ake rufe wasa.

"Ya isa haka, ƙawata."

Abin ya tsaya yana huci. Can ya sunkuyar da ƙaton kansa, ya juya ya fice ta ƙofar baya. Ba a sake ganin 'Yar Direba ba, kuma har yau Guntuwa ba ta yarda a kira ta dodo a gabanta.

Ba a ba kowa kofi ba. Da shekara ta zagayo, rukunin mata na nan daram. Babu wanda ya iya buɗe baki ya ta da maganar gudu, tunda alƙalin ma sai a tashar mota aka tsinto shi.