Wayar da Ba a Sallama Ba

Daren jiya na yi wani mafarki. Na gan ni a tsakar gidanmu, ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, waya tana ruri a hannuna. Yaya Sabi'u ne ke kira daga wani asibiti a Alƙahira, yana so ya ga fuskar Inna kafin a shiga da shi tiyata. Na amsa, ina dosar ɗakinta sai hotonsa ya daskare, baki buɗe.

Na'urorin waifai ukun da na kakkafa a gidan, saboda na gaji da jin "haka muka saba" duk sanda na koka da rashin intanet, suna zaune a kan tabarma da mayafansu: ɗaya a zaure, ɗaya a kicin, ɗaya a ƙofar Inna. Ni na raɗa musu suna ɗaya don waya ta riƙa sauya su da kanta. Na kira sunan. Ba wadda ta amsa, kowacce ta ɗauka da 'yar'uwarta nake.

Sai ga ni a ofishin gyaran sabis. Wani bunsuru ne shugaba, yana tauna igiyar caja.

"Ranka ya daɗe, wayata ta liƙe wa na'urar zaure, alhali ga ta ƙofar Inna kusa, sabis cike!"

"Wa ta fara gaisarwa?"

"Ta zaure."

"Ta zauren ta sallame ta?"

"Na'ura ce fa!"

"Kai ma haka ka faɗo mana ba sallama," in ji shi, ya ci gaba da taunarsa.

Na koma zaure. Wayata ta durƙusa, tsohuwar na'urar tana tambayarta gajiya, da mutanen gida, da yadda aka ji da ruwa.

Na ce, "Hajiya, a gajarta, mutum zai shiga tiyata!"

Ta ce, "Yaro, saura lafiyar kaji, sai in sa mata albarka ta tafi."

Raina ya ɓaci. Na ce wannan jan ƙafar ne ya hana mu ci gaba, tun daga zaure har gidan gwamnati. Na fizge ta daga soket. Nan take sauran biyun suka kashe fitilunsu, suka ja mayafi, suka zauna makoki. Na mayar da ita, na durƙusa, na gaishe ta har da kajin. Ba ta kunnu ba.

Inna ta fito ta ci ado, har da kwalli, ta karɓi wayar da hannu biyu. Gilashin ya yi baƙi, fuskarta kawai ke ciki. Ta daɗe tana kallo.

"Ya rame," ta ce a hankali. "Ka ce masa na yafe masa."

Na buɗe baki in gaya mata babu ta inda zan faɗa masa, sai maƙwabcinmu ya tayar da injin markaɗe, na farka.